Gilashin Kyamara: Ina Ya Kamata Kuɗinka Ya Tafi?

Shirinmu na yau na masu ɗaukar hoto ne. Da mai shago a bakin titi, da mai bin gidajen biki da kyamara rataye a wuya, da matashiyar da ke ɗaukar hoton atamfa da turare don talla a intanet. Har da uban da ɗansa ya matsa masa a sayo masa kayan aiki. Za mu yi magana a kan gilashin kyamara, wato abin nan da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda 'yan sana'a ke kira lens. Tambayar ita ce: in kuɗinka kaɗan ne, wane gilashi za ka saya ka ce ka yi sayayya? Amsata guda ce, kuma za ku ji ina ta maimaita ta. Ka sa kuɗinka a haske. Gilashin da ke shigar da haske da yawa, yake yin aiki guda da kyau, ya kuma dace da kyamararka, shi ne mai arahar gaske, ko sabo ne ko na hannu.

Bari mu fara da lambobin da ke jikin gilashi, domin a nan ake yi wa mutane rufa-ido. In naka na kusa, ɗauko ka duba. Za ka ga lambobi iri biyu. Ta farko tana ƙarewa da mm, wato milimita. Ita ke gaya maka faɗin abin da gilashin ke gani. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana kwaso ɗaki gaba ɗaya. Babbar lamba, kamar 200, tana jawo abin da ke nesa. In ka ga lamba biyu, kamar 18-55, gilashin mai zum ne, ana murɗa shi ya matso ko ya ja baya. In lamba ɗaya ce tak, kamar 50, ba ya zum, kai ne za ka matsa da ƙafarka. Lamba ta biyu tana zuwa bayan harafin f, wani lokaci kuma a rubuta ta 1:1.8. Ita ce faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga. Nan ne ake rikicewa, domin abin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa, lambar rabo ce. Tsiren da mutum biyu suka raba, kowa ya fi samu a kan wanda mutum takwas suka raba. Haka f/2 ta fi f/8 faɗi nesa ba kusa ba. Ku riƙe wannan: ƙaramar lamba, babbar ƙofa, haske mai yawa.

To, yanzu mu yi ɗan lissafi. Kyamarorin da masu farawa suka fi riƙewa, irin su Canon 600D da 700D, ko Nikon D3200 da D5300, galibi suna zuwa da gilashi 18-55mm. A jikinsa an rubuta f/3.5-5.6. Ma'ana, da zarar ka murɗa shi zuwa 55 don ɗaukar fuskar mutum, ƙofarsa ba za ta buɗe fiye da f/5.6 ba. Ka ajiye shi gefe, ka ɗauko 50mm f/1.8. Abin da suke gani kusan ɗaya ne. Amma hasken da na biyun ke shigarwa ya kusa ninki goma. Ba cika baki ba ne, lissafi ne. Raba 5.6 da 1.8, za ka samu uku da ɗan ɗoriya. Ninka wannan da kansa, ka kusa goma. Me ninki goma ke nufi a wurin aiki? Ka ɗauka daren kamu ne. Amarya na zaune a falo, an ɗauke wuta, sai fitila mai caji guda a kan kabad. Da gilashin farko, dole kyamara ta bar idonta a buɗe kamar kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa kafin haske ya ishe ta. A wannan ɗan lokacin amarya ta juya kai, hannunka ma ya motsa, hoto ya fito da dishi-dishi. Ko kuma ka ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, abin da ake kira ISO, fuska ta fito da yashi-yashi, lalle ya koma kamar datti. Da gilashi na biyu, kashi ɗaya cikin 150 na daƙiƙa ya wadatar. Motsi ya tsaya cak. Zanen lallen ya fito, ɗinkin mayafi ya fito, tarkacen da ke bayanta kuma ya narke ya zama launi kawai. Wannan hoton shi uwar amarya ke biya wa kuɗi ba tare da gardama ba.

Mai sauraro zai tambaya: in haka gilashin 50mm f/1.8 yake da amfani, me ya sa yake da araha? Wannan shi ne sashe na biyu na maganarmu. Dalili na farko, tsarinsa tsoho ne. Asalinsa na komawa ga wani gilashi mai suna Planar da Paul Rudolph ya tsara wa kamfanin Zeiss na Jamus a 1896. Fiye da shekara ɗari ana gyara wannan tsari ana tace shi, kuɗin bincike an daɗe da mayar da shi. Dalili na biyu, kayan cikinsa kaɗan ne. Na Canon, 50mm f/1.8, ɓallin gilashi shida ne kawai a cikinsa, nauyinsa bai wuce gram 160 ba. Mai zum na Nikon, 18-200mm, ɓalli 16 ne a ciki, kuma dole su riƙa zamewa gaba da baya ba tare da kuskure ba. Kowane ɓalli kuɗi ne, kowane motsi kuɗi ne. Dalili na uku, ana ƙera shi da ɗimbin yawa. Shi ya sa lokacin da Canon ya fitar da samfurinsa mai alamar STM a 2015, kimanin dala 125 aka sa masa. Nikon ya fitar da 35mm f/1.8 a 2009 a kan kimanin dala 200. Farashi a kasuwanninmu yana bin dala, yau sama gobe ƙasa, amma abin da ba ya sauyawa shi ne waɗannan suna cikin mafiya arahar gilasan kamfanonin nan. Arahar ta fito ne daga sauƙin ƙira, ba daga ha'inci ba. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da duniya ke koyon hoton titi daga aikinsa, mafi yawan hotunansa da gilashi 50mm ya ɗauke su.

Yanzu mu saurari masu ja. Na farko zai ce, ai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye aibin wannan gilashi ba. Jikinsa roba ne. Ba a toshe shi daga ruwa da ƙura ba. In ka buɗe shi har f/1.8, gefen hoto yakan ɗan yi laushi. Wurin da ke fitowa tar ma siriri ne, ido na iya fitowa tar kunne bai fito ba. Amma mu dubi abin da ƙarin kuɗi ke saya. Canon na da wani 50mm f/1.2, mai jan zobe a baki. Farashinsa ya kai kamar ninki goma na ƙaramin. Hasken da yake ƙara maka fa? Ninki biyu da ɗan kaɗan. Ku ji bambancin da kyau. Daga gilashin da ya zo da kyamara zuwa f/1.8, ɗan kuɗi ya sayo maka haske ninki goma. Daga f/1.8 zuwa f/1.2, kuɗi ninki goma ya sayo maka haske ninki biyu. In kuma ka tsuke ƙofar su biyun zuwa f/4 ko f/5.6, ka wanke hoton a girman albam, da wuya mai biki ya nuna maka wane ne wane. Mai tsadar yana da ranarsa, ga wanda aikinsa ya kai. Amma tsani na farko shi ne mai riba, na sama kuwa tsada yake yi yana ƙara kaɗan.

Inda karin maganar nan take da gaskiya shi ne a wani wuri dabam. Akwai arahar da asara ce. Misali, dogayen gilasan nan da ake tallatawa a intanet, a ce maka 420-800mm a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Duba ƙofarsu. Daga f/8 take farawa ta yi ƙasa, ba sa saita kansu, ba su da abin hana rawar hannu. Ko 'yan gilasan da ake murɗawa a bakin wani gilashin, wai su ƙara masa faɗi ko tsawo. Abin da suke ƙarawa shi ne hazo a gefen hoto. Har a cikin manyan kamfanoni akwai wannan tarko. Mai son ɗaukar hawan sallah da ƙaramar kyamarar Canon yakan ga 75-300mm da araha, ya ce 300 ta fi 250. Amma wancan ba shi da abin hana rawar hannu. Shi kuwa 55-250mm IS STM yana da shi, kuma hotonsa ya fi fitowa tar. Mahayin doki na sukuwa, kai kana cikin turereniya ana ture ka, wanne zai fi yi maka rana? Babbar lambar milimita ita ke ruɗin mai saye, domin ita ce ake gani da ido. Lambar f da ke ɓoye a gefe, ita ya kamata ka fara tambaya.

Mai ja na biyu ɗan sana'a ne, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Zai ce, malam, ka taɓa shiga ɗakin da mata ashirin suka cika, kowa na cewa a ɗauke ta da amarya? Ina za ka ja da baya da gilashin da ba ya zum? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma akwai wani abu da ke ƙara mata nauyi. Yawancin ƙananan kyamarori, farantin da ke karɓar hoto a cikinsu, wato sensa, ƙarama ce. Tana yanke gefen abin da gilashi ya gani. A Canon ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5. Saboda haka 50mm a kan Canon 700D yana gani kamar 80mm. Ga fuska da kafaɗa, madalla. Ga ƙaramin ɗaki, ya yi matsi. To amsar ba ita ce a koma ga gilashi mai duhu ba. Mai Nikon ya nemi 35mm f/1.8, wanda zai gani kamar 52mm. Mai Canon ya duba 24mm f/2.8, ɗan falale, wanda ya fito a 2014. In kuma dole sai zum, akwai 17-50mm f/2.8 na kamfanin Sigma ko Tamron. Ƙofarsa ba ta tsukewa in ka murɗa shi, kuma a 50 yana shigar da haske ninki huɗu na wanda ya zo da kyamara. Shi ma wancan 18-55 ɗin kada ka raina shi ka sayar. Da rana, a ƙofar gida bayan ɗaurin aure, hoton jama'a yana buƙatar f/8 ne don na gaba da na baya su fito. A nan yana aiki sarai. Ka riƙe shi don rana, ka sayi mai haske don ɗaki da dare.

Wani kuma zai ce, ai filas ya fi araha, in haske ake nema a harba shi kawai. Filas kayan aiki ne mai kyau, duk mai hoton biki yana buƙatarsa. Sai dai ba ya aiki a bidiyo, kuma yau da wuya a kira ka biki ba a ce ka haɗa da bidiyo ba. Ba kuma ya narkar da bayan hoto.

Mu shiga sashe na uku, wato dacewa. Gilashi mai kyau da bai hau kyamararka ba, kuɗi ne ka zubar. Kowane kamfani da irin bakinsa. Nikon ya fara amfani da bakin F a 1959. Canon ya koma bakin EF a 1987, saboda haka tsofaffin gilasansa masu alamar FD ba sa hawa kyamarorinsa masu bakin EF kai tsaye. A Canon ɗin ma, gilashi mai alamar EF-S, mai farin ɗigo mai kusurwa huɗu, ba ya hawa manyan kyamarori irin su 5D da 6D. Ga kuma tarkon da masu Nikon suka fi faɗawa, ku kasa kunne. Akwai 50mm f/1.8D, akwai 50mm f/1.8G. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Mai D ya fi araha, amma ba shi da injin saiti a cikinsa, da na jikin kyamara yake dogara. Su kuwa D3100, D3200, D5100, D5300 da 'yan uwansu ba su da wannan injin. Zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa saita shi. Na maimaita: in kyamararka ta Nikon jerin 3000 ce ko 5000, nemi mai G ɗin, wato mai alamar AF-S. Game da gilasan wasu kamfanoni kuwa, Sigma da Tamron na Japan sun daɗe a wannan harka, kayansu abin dogaro ne. Na Sin, irin su Yongnuo da Viltrox, sun fi araha. Viltrox ya yi suna a kyamarori marasa madubi. Yongnuo na da 50mm f/1.8 da ke ƙasa da na Canon a farashi, amma injin saitinsa na da ƙara, yakan kuma yi lalube a duhu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A nawa ganin, in tazarar kuɗin ba ta da yawa, na Canon ɗin na hannu ya fi sabon kwaikwayo.

Wannan ya kawo mu ga sayen na hannu, sashe na huɗu. Mutane na tsoronsa, kuma suna da dalili. Amma gilashi ba kamar jikin kyamara ba ne. Ita kyamara tana da marfin ido da ke gajiya da yawan harbi, kuma duk bayan 'yan shekaru sabuwa ta fito ta rufe ta. Gilashi kuwa, in bai faɗi ba, danshi bai shige shi ba, abin da ya gani shekara ashirin da suka wuce shi zai gani yau. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai ma wata dama a wannan zamani. Sony ya fitar da babbar kyamararsa marar madubi, A7, a 2013. Canon da Nikon suka biyo baya da bakin RF da bakin Z a 2018. Tun daga nan masu hoto a Turai da Amurka ke ta sayar da tsofaffin gilasansu, farashin na hannu ya sauka. Wani zai ce, to ba kayan da zamani ya wuce nake saya ba? A'a. Akwai adafta, wani zobe da ake sawa a tsakani. Da shi gilashin EF ke aiki a sababbin kyamarorin Canon, yana saita kansa kamar da. Haka gilashin AF-S ke aiki a kyamarorin Z ta adaftar da ake kira FTZ. In ka sauya kyamara gobe, gilashinka zai bi ka.

Sai dai zuwa da kai ya fi aike. Ka je da kyamararka, da tocila, ko ta waya ce. Cire murfin gaba da na baya. Haska tocilar ta baya, ka leƙa ta gaba, kana karkata shi a hankali. Za ka ga 'yar ƙura. Kada ta dame ka, kowane gilashi na da ita, ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa, manne a jikin gilashin daga ciki. Wannan funfuna ce, tana yaɗuwa, tana kuma cin fentin da ke jikin gilashi. Haka in ka ga hazo fari ya lulluɓe ɓalli guda, ajiye masa kayansa. Ƙarzuwa a gilashin gaba, in ƙarama ce, ba ta cika yin illa ba, sai dai ta zama hujjar neman ragi. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi haɗari. Duba zoben bakinsa. In ya lotse, ya taɓa faɗuwa. Duba kawunan sukurorin baya. In sun cinye, an taɓa kwance shi, ka tambayi dalili. Sannan ka ɗaura shi a kyamara. Saita abu na kusa, saita na nesa, ka yi ta maimaitawa kana sauraron injin. Daga nan ka nemi bango mai rubutu, ko ka manna jarida. Tsaya daidai gabansa, buɗe ƙofar gaba ɗaya, ka ɗauka. Faɗaɗa hoton ka duba kusurwoyi huɗu. In uku sun fito, ɗaya ta yi hazo, wani ɓalli ya goce a ciki, gyaransa kuma na iya fin kuɗin gilashin. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinsa, domin kayan sata ma suna yawo a wannan kasuwa. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Abu na ƙarshe shi ne yanayinmu, domin shi ma yana cikin lissafin farashi. Gilashi mai zum, duk lokacin da ya miƙe ya koma, iska yake zuƙa yana fitarwa. A hunturu, ƙura yake zuƙa. Wanda ba ya zum motsinsa kaɗan ne, ƙurar da yake sha kaɗan ce. In za ka sauya gilashi a waje, juya wa iska baya, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan akwai yashi a cikinta. Fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi. Da damina kuwa abokin gaba danshi ne. Kada ka bar gilashi a jaka a ƙarƙashin gado har wata guda. Nemi robar abinci mai marfi da ke rufuwa gam. Zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, ka riƙa sauya su in sun jiƙa. Lokaci-lokaci ka fito da shi ya sha iska a wuri mai haske, ba a tsakiyar rana ba.